Jita Mai Noti Biyu

Ƙanina bakanike ne. Tun muna samari ya shiga ƙarƙashin mota, bai fito ba sai da ciwo ya jawo shi waje. A layinmu ba mai kiransa da sunansa, Sifana ake ce masa, yara da manya, har matarsa marigayiya haka take kiransa in ya ɓata mata rai. Ni na girme shi, kuma mu biyu muka rage cikin waɗanda uwarmu ta haifa, saboda haka duk rigimar da ta taso a kansa a ƙofata take sauka.

Ciwon ya same shi ne wata safiya yana kwance tayar mota. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. A hankali ƙafar ta dawo. Bakin da ya karkace ya miƙe, har ya fi da kaifi. Hannun hagu ne ya ƙi. Ya rame ya zama kamar na wani aka ara masa, yatsun suka lanƙwashe ciki. Kamawa yana kamawa, saki ne ba ya yi. In ya damƙi cokali, sai ya sa hannun dama ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin cokalin ya samu kansa.

Garejin ya koma hannun wani, amma ɗakin da ke bayansa na Sifana ne, shi ya gina shi. Gadon ƙarfe, risho, rediyo mai eriyar waya, da bango guda cike da ƙusoshi inda ya rataye sifanoninsa daga babba zuwa ƙarama. A nan yake zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa, kuma a nan ya ce zai ci gaba da zama.

'Ya'yansa ba su ga haka ba. Babban, wanda muke ce wa Akawu saboda aikin ofis, da Auta, wadda ke aure can ɗaya gefen garin, suka zo suka same ni. Auta ta ce ta tarar da ƙuna a cinyar ubanta, butar shayi ce ta kife masa, ya rufe da wando bai gaya wa kowa ba. Akawu ya ce akwai ɗaki a gidansa ana yi masa fenti, da zarar ya bushe zai zo da motar kaya ya kwashe tsohon. Na ce sun yi daidai, kuma har yau ban ga laifinsu ba. Ɗan da ya ga ƙuna a jikin ubansa ya kau da kai, ba a kiransa ɗa.

Muka je mu uku muka gaya masa. Yana zaune bakin gado ya saurare mu har muka dasa aya.

"Ɗakin nan mai fenti," in ji shi, "wa zai riƙe makullinsa?"

"Baba, ai gida ne, wane makulli kuma?" in ji Akawu.

"To ka ji. Nan ina da makulli."

"Baba, mai hannu ɗaya ba ya zama shi kaɗai."

"Duba da kyau, Akawu. Biyu ne. Ɗayan yajin aiki yake yi."

Na ce masa ya daina mai da maganar arziki wasa. Ya ce shi ba wasa yake ba, ranar da aka zo da mota za a gani.

Ni nake raka shi asibiti wurin gashin hannun. Matar da ke yi masa gashin mai haƙuri ce. Wata rana ta ba shi ƙwallon roba ja, ta ce ya riƙa matsawa yana saki safe da yamma. Ya karɓa, ya yi godiya kamar mutumin kirki. Muna fita ƙofar asibitin ya jefa ta cikin kwandon shara.

"Maganinka ke nan ka zubar," na ce.

"Yaya, abin da ba ya magana ba na aiki da shi. In na matsa ƙwallo, wa zai gaya mini na matsa ko ban matsa ba? Inji in ka taɓa shi daidai amsawa yake yi."

Hanyar tasha ta bi ta layin 'yan gwanjo, inda ake baza fankoki marasa fiffike, da dutsen guga, da keken ɗinki mara ƙafa, da agogon bango da ya daɗe da yin shiru. Sifana bai taɓa wuce tsohon kaya bai tsaya ba. Ina gaba ina jiransa sai na ga ya ƙura wa wata rumfa ido. A jikin ƙusa aka rataye ta, tsakanin lema da kwalkwalin babur. Jita ce ta kiɗa, ta katako, irin wadda ba a jona mata wuta. Launinta ya dushe. Wayoyi uku suka rage a jikinta, duk sun yi tsatsa. Ɗaya daga cikin kunnuwan da ake murɗa waya da su ya lanƙwashe, gefenta ya tsage, sannan ɗan katakon da ke manne a cikinta inda ake ɗaure wayoyin, wanda ake ce wa jaki, ya ɗaga baki har wuƙa za ta shiga ƙarƙashinsa.

"Sauko mini da waccan," in ji Sifana.

Ɗan gwanjon, wani mai tumbi da tsinke a baki, ya dube mu ya dubi jitar. "Baba, jika za a saya wa?"

"Me jikana ya yi mini da zan kai masa gawa? Tawa ce."

Ya karɓe ta ya shiga dubawa kamar an kawo masa tsohuwar mota. Ya ƙwanƙwasa gaba, ya ƙwanƙwasa baya. Ya leƙa ramin da ke tsakiyar cikinta, ya sunsuna. Ya kanne ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo daga kai zuwa gindi, yana neman karkata.

"Ta yi hatsari," ya ce.

"Faɗowa ta yi daga kan kabad, in ji mai ita."

"Haka duk suke cewa. Hannu nawa ta bi kafin ta zo gare ka?"

"Baba, ni fa ba a ba ni takardunta ba."

Sai ya zauna a kan wani akwati ya ɗora ta a cinya. Ya ɗauki hannun hagun da na dama ya aza shi a wuyan jitar, ya gyara yatsa ɗaya a kan waya, ya kaɗa. Ba abin da ya fito sai wani tuf, kamar an bugi katifa. Ya ƙara dannawa har jijiyar wuyansa ta fito, ya sake kaɗawa. Wannan karon wayar ta yi ɗan kuka siriri, mai tsatsa, amma kuka ne.

Ya ɗago ya dube ni. "Ka ji? Ta ce na danna."

Ɗan gwanjon ya cire tsinken daga bakinsa, don yanzu ya ga hannun sosai. "Baba, in ba ka ƙi shawara ba, juya ta za ka yi. Na dama ya danna, wannan ya riƙa kaɗawa. Haka bahagwai suke yi, ya fi maka sauƙi."

"Wato mai lafiya ya yi aikin, malalaci ya zauna a inuwa. A garejina ba a taɓa haka ba. Shi zai danna."

Aka shiga ciniki. Sifana ya dinga lissafa mata aibu, tsaga, tsatsa, kunne, jaki, har da warin da ya ce ya ji na ɓera a ciki. Ɗan gwanjon ya gaji ya ce, in haka take da muni me ya hana a mayar masa da ita kan ƙusa? Sifana ya ce don duk garin nan ba mai saye sai shi, kuma su biyun duk sun sani. Mutumin ya yi dariya ya sallama, ya ƙara masa da igiyar rataya.

A cikin bas ban zauna kusa da shi ba. Da muka sauka na gaya masa gaskiya, don ban iya ɓoye ta ba. Na ce mutum da furfura har a gira, uban 'ya'ya, kakan jikoki, ya rataya abin 'yan dandali yana ratsa unguwa da shi, ana ganinsa ana cewa ciwon ya taɓa kan. Na ce wannan hujja ce ya saya wa Akawu da kuɗinsa.

"Yaya," in ji shi, "kai da ka tsufa tun muna yara ba za ka gane ba."

Akwai kafinta a bakin layinmu, mai yin kujeru da kabad, mutum mai sanyin hali. Shi aka kai wa. Ya kankare tsohon gam, ya shafa sabo, ya danne jakin da ƙarfen matsi, ya cike tsagar gefen. Kunnen da ya lanƙwashe kuwa Sifana da kansa ya miƙe shi a kan maƙera. Da gam ya bushe muka je karɓa, kafintan ya riƙe jitar bai sake ta nan da nan ba.

"Baba Sifana, ka ji abu ɗaya. Waya ba notin taya ba ce. Murɗa ta ake yi har ta kai muryarta, sai a tsaya. Akwai mai koyar da kiɗa a makarantar bayan layi, ka kai masa ya saita maka."

"Shekarun da na yi ina ɗaure abu sun fi shekarunka a duniya," in ji Sifana, ya karɓi kayansa.

To sai an san mutumin kafin a gane abin da ya biyo baya. A garejinsa ba a barin noti da saura. Ko waye ya ɗaure taya, sai ya bi baya da kansa ya ƙara wa kowane noti ja ɗaya, yana nishi. Abin alfaharinsa ke nan, cewa tayar da ya ɗaure ba ta taɓa fita a kan hanya ba. A wurinsa abin da ke iya ƙara juyawa bai ɗauru ba.

Ya sayo sababbin wayoyi shida. Ina zaune a kan bencin ƙofar ɗakinsa ya zura su ɗaya bayan ɗaya, jitar na matse tsakanin gwiwoyinsa. Ya fara murɗa kunnuwan. Da suka yi wa yatsu tauri sai ya miƙa hannu ya ɗauko filaya.

"Kafinta ya ce a tsaya," na ce.

"Kafinta kujera ya sani. Dubi yadda take lilo."

Mafi siririyar ta tsinke. Ya ce jabu aka sayar masa, ya koma kan masu kaurin. Jitar ta fara wani ɗan ƙara a cikinta kamar tsohuwar ƙofa. Ni da ban san kiɗa ba na san katako yana roƙo. Ya ƙara wa ta ƙarshe ja ɗayan nan nasa, sai muka ji kamar taya ta fashe. Jakin ya tashi da wayoyin gaba ɗaya, ya wuce ta gefen kunnena ya bugi bango. Wata waya ta dawo ta zane shi a ƙarƙashin ido.

Jinin bai gama tsayawa ba Auta ta shigo da kwanon abinci. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta dubi fuskar ubanta, ta dubi jitar da filayar. Ta jiƙa gefen tawul ta goge masa.

"Baba, saura kaɗan idon."

"Ga shi nan ina kallon ki da shi."

"In ba don kanka ba, ko don mu. Kullum wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun. Auta ta fita waje ta kira wanta, ina jin ta. Da ta dawo ta ce, ko fenti ya bushe ko bai bushe ba, ran Asabar za a zo da mota.

Washegari ya koma wurin kafinta da jitar a hannu da jakin a aljihu. Kafintan ya duba ya girgiza kai. Ya ce jakin ya tafi da fatar katakon, gam ba shi da abin da zai kama kuma, a haƙura da ita.

"Huda mini," in ji Sifana. "Huji biyu, ta jakin har ciki. Ƙusa mai noti zan sa."

"Baba, ƙarfe a nan zai kashe mata murya."

"Ba biki zan kai ta ba. Huda."

Kafintan ya dube ni ko zan hana. Na ce ya huda masa, in ya so Sifana ya tafi da ita gidan ɗansa ya yi ta ɗaurewa.

Ran Asabar da hantsi motar kaya ta tsaya a bakin garejin. Akawu ya sauko da buhuna da igiya, Auta na bayansa, direban ya tsaya jingine da ƙofar motarsa. Ni na riga su zuwa, don Akawu ya roƙe ni in zama a wurin. Suka tarar da Sifana a kan benci, ɗakin a kulle, makullin a aljihun rigarsa, jitar a cinyarsa babu waya ko ɗaya. A gefensa ƙusoshi biyu, noti biyu, sukurudireba, da mafi ƙanƙantar sifanarsa.

"Baba, mun zo."

"Na gan ku. Ku sami wuri, ina aiki."

Aikin ga yadda yake. Ƙusar ta sama take shiga, ta ratsa jakin ta leƙo cikin jitar. Notin kuwa daga ciki za a sa mata, kuma ba hanyar shiga sai ta ramin nan na tsakiya. Dole hannu ɗaya ya shiga ya riƙe noti, ɗaya ya tsaya waje yana murɗa sukurudireba. Hannun dama na Sifana hannun bakanike ne, kamar faranti, ko yatsu huɗu ba su gama shiga ba ya cije. Na hagun da ciwo ya cinye, shi ne ya wuce.

"Kawo in riƙe maka," in ji Auta. "Hannuna zai shiga."

"Na san zai shiga. Zauna."

Ya sa notin tsakanin yatsun hagu, ya matse su da na dama, ya tura hannun ciki. Notin ya suɓuce ya yi ta gangara a cikin katakon. Ya fito da hannun, ya kife jitar ya girgiza har notin ya faɗo, ya sake. Ya sake faɗuwa. Direban ya duba agogonsa. Akawu ya ce, Baba a ba shi makullin su fara da gado, shi ya ci gaba da aikinsa. Sifana ko ɗagowa bai yi ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan katakon. Can sai notin ya hau zaren ƙusar, ya murɗa daga waje, ya kama. Na biyun bai ba shi wahala kamar na farko ba.

Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma noti bai ɗauru ba a wurinsa sai sifana ta taɓa shi. Ya ɗauki 'yar ƙaramar sifanar ya cusa ta cikin yatsun hagu, ya zura ta a tsaye ta ramin, ya laluba har ta kama notin farko, ya ja. Ya koma na biyu, ya ja da duk ƙarfinsa. Sannan ya ajiye sukurudireba ya ce, "Shi ke nan," ya jawo hannun.

Hannun bai fito ba.

Wahalar da ya sha ta sa yatsun sun dunƙule tam a kan sifanar, ita kuma ta gitta a ciki. Dunƙulen ya fi ramin faɗi. Hannun dama da ya saba ɓamɓare su ba shi da wurin shiga. Auta ta durƙusa ta gwada zura yatsunta ta gefen wuyan hannunsa, ba wuri. Ya ja da ƙarfi, bakin ramin ya yanke shi. Duk lokacin da ya yi yunƙuri yatsun sai su ƙara ƙullewa.

"Ka gani, Baba?" in ji Akawu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Abin da muke faɗa ke nan. Da ba mu zo ba fa?"

"Akwai guduma a mota," in ji direban. "Bugu ɗaya katakon zai buɗe."

"Kawo," in ji Akawu.

Sifana ya rungume jitar da hannun dama ya kifa ƙirjinsa a kanta. "Duk wanda ya taɓa ta, da ni zai fara."

"Baba, hannunka kumbura yake yi," in ji Auta.

"Nawa ne. Shi ya shiga da kansa, shi zai fito da kansa."

Direban ya dawo da gudumar ya tsaya bai san wanda zai miƙa wa ba. Akawu ya juyo gare ni. "Baffa, ka yi masa magana. Kai kaɗai yake ji."

Wannan ba gaskiya ba ne, bai taɓa jin maganata ba, amma na tashi na je na tsaya a kansa. Na dubi wuyan hannun, ya fara cika bakin ramin. Na dubi fuskarsa. Na san fuskar nan tun ba ta da gemu, kuma na san in aka fasa katakon nan yau a gaban 'ya'yansa, gangar jikinsa kawai za a ɗora a motar. Na ce wa direban ya mayar da gudumarsa. Na ce wa Akawu da Auta su ja baya su ba shi iska. Na ce wa Sifana, in inuwar bango ta bar bencin nan hannun bai fito ba, ni da kaina zan fasa, kuma zai shiga mota ba musu.

"Na yarda," in ji shi. "In kuma ya fito?"

"In ya fito a yi magana."

"A'a. In ya fito, motar ta koma yadda ta zo."

Akawu ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Ya daina ja. Ya jingina da bango, ya rufe ido, ya sauke kafaɗa. Ƙarar bugun ƙarfe na tashi daga garejin. Can na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba, da hannun yake.

"Kai, na ci da kai, na sha da kai. Ban taɓa roƙonka ba. Yanzu ma ba roƙo nake ba. Aiki ya ƙare, ajiye kayan aiki."

Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi. Direban ya koma mota ya kunna rediyo, Akawu ya bi shi ya ce ya kashe. Inuwar ta janye daga ƙafafunmu ta hau kan bencin. Zafin rana ya fara taɓa gwiwata. Na yi gyaran murya don ya san ina lura.

"Yi shiru, Yaya," ya ce, idonsa a rufe. "Ƙaramin yatsan ya motsa."

Ban ga komai ba, don a ciki abin yake faruwa. Jijiyar hannun kawai nake gani tana tashi tana kwanciya. Yana numfashi a hankali kamar mai lallaɓa tsuntsu. Rana ta kai cinyarsa. Sai muka ji ƙwal, sifanar ta faɗi a cikin jitar, katakon ya amsa da wata doguwar murya. Ya ɗan jira. Sannan ya juya wuyan hannun a hankali ya zaro shi, fatar ta sale a wuri biyu, yatsun a buɗe rabi da rabi. Ya aza shi a kan gwiwarsa inda kowa zai gani. Tun da ya kwanta ciwo ban ga tafin hannun nan ba sai ranar.

Auta ta kama hannun tana dubawa tana hawaye. Akawu ya matso kusa da ubansa.

"Baba, wannan ba ya nufin ka warke."

"Ban ce na warke ba. Cewa na yi ba na tafiya."

"In wani abu ya same ka a ɗakin nan, ni za a zaga."

"Ka ce musu ka zo da mota da igiya, tsohon ne ya ƙi. Ga baffanka shaida, ga direba."

Akawu ya dube ni. Na ce ni dai abin da na gani na gani. Ya shafa kansa ya zagaya ya dawo. Ya ce to, da sharaɗi, kullum safiya sai Baffa ya zo ya ga lafiyarsa da idonsa, ran da aka ga ba daidai ba kuma ba sauran shawara. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da abin yi da safiyata. Sifana ya ce ya yarda, dama ni ba ni da aikin fari bare na baƙi. Direban ya leƙo ya tambaya, kayan fa? Akawu ya tattara buhunansa ya jefa a bayan motar, ya ce su tafi.

Da yamma na tilasta masa muka kai jitar wurin mai koyar da kiɗan, ya sa mata wayoyi ya saita su. Ya daɗe yana kallon notin nan biyu, ya ce bai taɓa ganin irin wannan gyaran ba, kuma ba ya fatan sake gani. Kafinta ya yi gaskiya, muryarta ta mutu rabi, kamar ana kaɗa waya a kan gwangwani.

Yanzu kullum safiya ina kan bencin nan ina saurare. Waƙa dai babu, ban kuma sa ran za a yi ba. Sai tuf, tuf, can waya ɗaya ta yi kuka, ya dube ni kamar ya ci gari. Sabon mai garejin ya kawo mini ƙara, ya ce abokan cinikinsa suna tambaya ko wata dabba aka ɗaure a baya. Na ce ya je ya gaya wa mai ɗakin da bakinsa. Har yau bai je ba.